Hannun Inna a Bangon Tasha

Ranar da aka yaye shingen kwano daga gaban sabuwar tasha, kowa a garin nan ya zama masanin gini. Direbobi suka ce rufin ƙashin kifi ne da aka cinye tsokar aka bari. Masu dako suka ce ina, kwando ne aka kife. Wani mai gyaran takalma ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce shi dai haƙarƙarin saniya yake gani. A rediyo kuwa wani mai zaƙin murya ya wuni yana cewa fukafukan tsuntsu ne, alamar ci gaba. Ni da nake shara a wurin na fi shi sanin tsuntsun, tunda kashinsa nake kankarewa daga jikin gilashi kullum da safe.

Mutum ɗaya na sani da bai taɓa ɗaga kai ya dubi rufin nan ba, shi ne Kawu, yayan mahaifiyata. Shi abin da ya dame shi wani guntun bango ne can bayan ginin, ragowar tsohon ɗakin ajiyar kaya. A jikin bangon akwai zanen hannu yana nuni da yatsa. Hannun matarsa ne, wadda nake kira Inna, kuma duk duniya shi kaɗai ya rage masa na kamanninta.

Kawu mai fenti ne. Shekara talatin da huɗu shi ke rubuta allunan tsohuwar tasha: wajen yankar tikiti, wajen hawa, wajen ajiyar kaya, ban ɗakin maza da na mata. Rumfarsa tana manne da katanga, tsakanin mai shayi da mai facin taya, cike da gwangwanaye da burushi a jiƙe cikin kananzir. Ba mai kiransa da sunansa. Mai Yatsa ake ce masa, domin ba ya zana kibiya a allo, sai hannu.

Da farkon aikinsa kibiya yake yi kamar yadda aka koya masa. Wata rana ya tarar da wani dattijo tsaye gaban allonsa da buhu a ka, yana tambayar masu wucewa wane ɓangare ake bi, kan ko wutsiyar. Kawu ya koma gida yana mita. Inna tana kan keken ɗinki, ko kai ba ta ɗago ba, ta miƙa yatsa ta ce, "Kafin ka gama faɗan, miƙo min almakashi can." Ya bi yatsan da ido, ya ga almakashi. Sai ya ce mata, "Tsaya haka, kar ki motsa." Ya yago kwalin sabulu, ya kwantar da hannunta a kai, ya bi gefensa da fensir, ya yanke da reza.

Shi wannan yatsan yana da tarihi. Lokacin da Inna take koyon ɗinki allurar keke ta huda shi ta farce, da ya warke sai kansa ya ɗan karkata. Kawu bai gyara ba, yadda yake haka ya fitar. In allo zai nuna dama ya ɗora kwalin ya shafa fenti, in zai nuna hagu ya juya bayan kwalin. Inna kan ce, "Allura sau ɗaya ta soke ni, kai ka mayar da ni mai rauni a hannu biyu." Shi kuma ya ce ai albarka ce, ga shi tana zaune a ɗaki tana yi wa gari jagora.

'Yan tasha sun yi masa tsiya har sun gaji. "Mai Yatsa, shekara nawa kana abu ɗaya, har yau ba ka iya miƙe yatsa ba?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da dama fentinsa. Bai taɓa gaya wa kowa hannun wace ce ba. Ni ma na sani ne don na zauna a wajensu shekara uku bayan rasuwar mahaifina, wai ina koyon ɗinki. Ɗinkin bai shiga kaina ba, amma da yatsan nan aka sha nuna ni in na yi rashin ji, don haka na san shi sarai.

Allah bai ba su haihuwa ba. Su biyu ne a ɗaki ɗaya, sai keke, sai rediyo. Inna ba ta son hoto, ta ce tsayawa a gaban mai hoto aikin marar aiki ne. Guda ɗaya da aka taɓa shammatarta aka ɗauka, ruwan sama ya bi ta rufi ya jiƙa shi, fuskar ta narke ta bar mayafi. Da ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, Allah ya jiƙanta, Kawu bai yi kukan da mutane suka gani ba. Ya koma rumfarsa. In kwalin ya jiƙe da fenti ya fara lanƙwashewa, sai ya ɗora shi a kan sabo ya sake yankewa. In hannun wani bango ya koɗe, ya je ya sake shafa masa, ko ba wanda ya sa shi.

Sai aka ce za a rushe tasha a yi sabuwa, wadda jirgin ƙasa da manyan motoci da ƙanana za su haɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya. An ba masu rumfuna wa'adi, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Amma makon da katafila ta zo, Kawu yana kwance a asibiti da zazzaɓi, ni ce ma nake jinyarsa. Da aka sallame shi bai ko biya gida ba. Ya wuce tasha, ya tarar da wajen rumfunan fili fetal. Ba rumfa, ba gwangwani, ba kwali.

Na ce masa, "Haba Kawu, hannun da ka yi shekara talatin kana yi, ai ko ido rufe ka zana shi." Ashe ban san komai ba. Bai taɓa zana shi da ka ba, kullum bin gefe yake yi. Ga shi kuma yanzu hannunsa na rawa. Ya ɓata kwalaye sun fi ashirin. Duk wanda na ɗauka na ce wannan ai ya yi, sai ya karɓe ya jefa bayan ƙofa. Ya ce, "Wannan hannun kowa da kowa ne, 'yar nan."

Shekara huɗu aka yi ana ginin. Mai shayi ya koma wata unguwa, mai faci ya bi direbobi zuwa tashar wucin gadi a bayan gari, waɗansu tsofaffin abokan hirarsa suka riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa kullum da hantsi zai sa rigarsa mai ɗigon fenti, ya taka har bakin shinge, ya sa ido a wata ɓula da ƙusa ta bari. Ba a rushe tsohuwar tashar rana ɗaya ba, ɓangare-ɓangare aka bi ta. Shi ya san hannu nawa ne a bangwayen, kuma yana kallo suna tafiya. In na kai masa ziyara ranar hutuna, maimakon ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Saura tara." Wani zuwan ya ce, "Saura huɗu." Gaskiya akwai ranakun da na ƙi zuwa da gangan, don ba na son jin lissafin. Ɗakin nan nasa yana da nauyi. Keken Inna a rufe da tsohon zane, kujera ɗaya, rediyo yana ta surutu ba mai saurarensa, shi kuma a bakin gado da hannuwa a kan gwiwa.

Da aka buɗe sabuwar tasha saura ɗaya, can baya inda ba a yaye shingen ba. Wannan bangon ya tsira ne kawai saboda ma'aikata sun jingina buhunan siminti a jikinsa.

Ni kuma na sami aikin shara a ciki, aka ba ni shuɗiyar riga da bokiti mai taya. Wurin yana da kyau, ba zan ci amanar ido ba. Haske ko'ina, ƙasa sumul har kana ganin ƙafarka a ciki. Amma kujerun a zame aka yi su, wai don kar a kwanta, tsoho in ya zauna sai ya tokare da sanda. Lasifika in ta yi magana, rufin ya maimaita ta sau uku, ka rasa ta farko ka rasa ta ƙarshe. Masu zuwa ɗaukar hoto da waya suna cewa kamar ba a ƙasar nan ba. Masu tafiya da kaya da goyo suna faɗin abin da ba zan maimaita ba.

Babbar matsalar kuwa kibiya ce. Da ka shigo babban zaure, ga wani ƙaton allo mai wuta a rataye, an rubuta wajen hawa mota, an sa kibiya tana kallon sama. Wai a wajen masu ginin, kibiya mai kallon sama tana nufin ka miƙe gaba. To ga matakalar bene nan daidai ƙarƙashin allon. Wane mai hankali ne za a nuna wa sama, ga bene a gabansa, ya ƙi hawa? Haka za ka ga mutane da akwatuna da buhuna suna ta haurawa, hawa arba'in da biyu, ni nake goge su, na sani. Can sama ba komai sai ofisoshi da shagunan da ba a buɗe ba. Su zagaya, su sauko suna haki, mota ta tafi ta bar su.

Ni na zama allon. Daga safe zuwa yamma ina riƙe da abin goge ƙasa ina ihu: "Ba sama ba, Baba, gaba! Ke mai goyo, sauko! Dama, sannan hagu!" An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a faɗi abin da ke samun wanda ake tambaya ba. Muryata ta dishe cikin mako biyu.

Da na ba Kawu labari, karo na farko cikin shekaru na ji ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba a nuna gaba daga gaba. Wanda zai nuna maka hanya a gefenka yake tsayawa. A jikin bangon gefe ake sa alama, yatsa ya bi inda ƙafa za ta bi." Ya faɗa kamar mai faɗin cewa ruwa yana jiƙa mutum.

Wata Laraba maigadin baya ya tsayar da ni ya ce, "Tsohon nan naku mai leƙen ɓula, ki gaya masa ya huta. Jibi za a ture bangon can, wajen ajiye motoci za a yi." Na roƙe shi ya bar Kawu ya shiga ko na minti goma. Ya ce ba takarda, ba hular kwano, ba shiga, shi ma cin abincinsa yake karewa. Na gwada ɗaukar hoton bangon da waya ta ɓular. Rana da ruwa sun cinye fentin, abin da ya fito wani dusu-dusu ne kamar tabon danshi.

Akwai wata injiniya da ke zagaya wurin da farar hula da takardu a hannu, ƙaramar mace, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Ban taɓa yi mata magana ba, ita ma ba na jin ta taɓa ganina, shuɗiyar riga ai ba a ganin mai ita. Ranar na tare ta a gindin bene. Daidai lokacin wata tsohuwa tana saukowa da baya da baya, tana jan buhun da ya fi ta nauyi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kin ga wannan? Ita ce ta sittin yau, kuma azahar ba ta yi ba."

Ta ce, "Mama, alamar daidai take. Duk duniya haka ake yi."

Na ce, "To duk duniyar ce nake gani tana hawa benen nan tana saukowa."

Na ɗauka aikina ya ƙare ke nan, don bakina ya sha ja min. Sai ta tsaya tana kallo. Ta ga mutum uku sun hau, ta ga biyu sun sauko suna tsaki. Ta ce, "A tsohuwar tashar yaya ake yi?" Na ce akwai wanda ya fi ni sani, kuma in tana son gani da idonta, saura kwana biyu. Na gaya mata komai, har abin da Kawu bai taɓa gaya wa kowa ba. Allah ya yafe min, amma ba ni da wata dabara.

Washegari da sassafe ita da kanta ta shigar da mu, ta ɗora wa Kawu hular kwano ta rufe masa har gira. Shekara huɗu yana kallon bangon nan ta ɓula, yau ga shi a gabansa. Ya ɗora tafinsa a kai ya bar shi a nan.

Da ido kusan ba a ganin zanen. Amma da yake ya yi shekaru yana shafa fenti a kan fenti, gefen ya yi tudu, yatsa yana jin sa. Na zo da farar leda mai kauri da baƙin alƙalami. Injiniya ta riƙe sama, Kawu ya riƙe ƙasa, ni na bi tudun da ɗan yatsana ina ja da alƙalami a hankali. Da na iso kan yatsan manuni, hannuna ya so ya wuce a miƙe. Kawu ya damƙe min wuyan hannu. Ya ce, "A hankali. Nan ta karkata. Kar ki gyara mata." Na koma na bi karkatar. Da muka ɗaga ledar a rana, wallahi sai ga shi ya fito sarai. Hannun Inna ne, kamar yanzu za ta ce in tashi in wanke kwanuka.

Kawu ya naɗe ledar ya sa cikin riga, a jikin fatarsa. Kashegari aka ture bangon, bai ma je kallo ba.

Da a nan labarin ya tsaya da na gode Allah. Amma bayan mako guda injiniya ta neme ni. Ta ce ta yi magana da manyanta, sun yarda a gwada: za a sa hannun a jikin ginshiƙai, daga gefe, yadda Baba ya ce. Tana son aron ledar kwana biyu kacal, a kai wa masu buga alluna su ɗauka a kwamfuta. Muka je ɗakin Kawu tare. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani da ladabi. Kawu ya dube ta, ya dube ni, hannunsa a kan ƙirji inda ledar take. Ya ce, "A bari in yanka kwali tukuna." To hannun da ke rawa yaushe zai yanka kwali? Ni kuma ina tsoron in sa reza in ɓata. Ga injiniya tana cewa manyan nata suna iya canza ra'ayi in an ja lokaci.

Ni na matsa masa. Ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce, "Haba Kawu, kwana biyu ne fa. Inna za ta koma aikinta, a tashar da ta fi ta dā. Hannu arba'in za a yi, ba ɗaya ba. Kai ba ka so?" Sannan ya zaro ledar, da ɗuminta, ya miƙa da hannu biyu.

Kwana biyu suka zama mako uku. Wata safiya na shigo aiki na tarar an manna su cikin zauren, rawaya a kan baƙi, kowane ginshiƙi da nasa. Tun daga ƙofa na ga mutane suna bin su suna wuce bene ko kallonsa ba sa yi. Daɗi ya kama ni, na saki bokiti na matsa kusa. Yatsan a miƙe yake sambal, kamar an ja shi da rula.

Na sami injiniya. Ita ma ba ta lura ba sai da na nuna mata. Ta kira masu buga allunan a gabana. Mai kwamfutar ya ce eh, ya ga layin ya ɗan kauce a wajen yatsa, ya ɗauka hannun mai zanen ne ya goce, sai ya daidaita shi, har ya sassaita sauran yatsun don su yi kyau. Hoton asalin da ya ɗauka a kwamfuta fa? Ya ce a kansa ya yi gyaran. Ledar fa? Ya ce wace leda, ai sun share shago tun wancan makon. Ta ajiye wayar, idonta ya ciko. Ita da kanta ta tuƙa mu zuwa shagon. Ni da shara ce sana'ata, na zazzage musu kwandunan shara uku, na bi har juji na bayan layi ina tonawa da hannu. Motar shara ta riga ni da kwana goma. Garin neman gira mun rasa ido.

Ban iya gaya wa Kawu ba. Kwana huɗu ina kewaye unguwarsu. A rana ta biyar sai ga shi da kansa a bakin tasha, ya ji a rediyo ana yabon sababbin alamun, wai an haɗa zamani da hikimar mutanen dā. Ya sa rigarsa mai kyau, wadda ba ɗigon fenti. Karo na farko ke nan da ya shigo ginin. Bai dubi rufi ba. Ya nufi ginshiƙi na farko, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓawa, ya ɗora yatsa ya bi gefen zanen. A kan yatsan manuni ya tsaya. Ya wuce na biyu ya yi haka, ya wuce na uku. Ina biye da shi da abin goge ƙasa a hannu. Mutane suna ta ratsa mu, kowa ya san inda za shi.

A na bakwai ya juyo ya ce, "Sun yi kyau. Hannun wace ce?"

Injiniya ta iso, ta durƙusa a tsakiyar zaure da farar hularta, tana ba shi haƙuri tana share ido. Ya ce, "Tashi, 'yata. Ai ga shi mutane sun daina hawa bene. Aikin allo ke nan." Ya sa mata albarka. Ni bai ce min komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya tambaye ni ta ina ake fita, na nuna masa.

Daga ranar bai sake zuwa tasha ba, babu ɓular da zai leƙa kuma. Masu gardamar rufi har yau suna yi, an ma sami masu cewa jirgin ruwa ne a kife. Alamun hannu kuwa kowa na yabo, na ji an ce waɗansu tashoshin za su kwaikwaya. Ni muryata ta dawo, ba mai tambayata hanya sai jefi-jefi. Yanzu ba na tsallake ranar hutu, ko ina so ko ba na so sai na je. Ina share masa ɗaki, in kaɗe ƙurar keke, in zauna a kujerar. Ya daina ɓata kwali. Hira ba ta wuce ta lafiya da tsadar maganin ido.

Makon jiya ina naɗe tabarma zan tafi, ya kira ni. Ya ce, "'Yar nan, zan tambaye ki wani abu, kar ki yi min dariya."

Na ce, "Ina ji, Kawu."

Ya ce, "Kwalin nan, shekara talatin ina juya shi. Yau ya nuna nan, gobe ya nuna can. In na rufe ido duka biyun nake gani." Sannan ya ce, "Allurar nan, hannunta na dama ta huda, ko na hagu?"

Na buɗe baki. Ni da na yi watanni ina gaya wa dubban mutane dama da hagu ba tare da na yi tunani ba. Na tuno ta a kan keke, na tuno yatsan yana nuna ni, ina ganin farcen, ina ganin karkatar, amma na kasa ganin kafaɗar da hannun ya fito. Mahaifiyata da za ta sani ta rasu. Maƙwabtan dā sun watse tun da aka faɗaɗa titi. Na so in ce dama kawai in huta, shi ma ya huta, amma na riga na yi masa gyara ɗaya.

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe hannuwansa biyu a kan gwiwa, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Har na ja ƙofa bai ɗago ba.